HAƘORI YA TASHI, BASHI NA WUYA: WA ZA A FARA BIYA?

 

Ya ku 'yan'uwa samari, ga wata mas'ala da ake ɗauka ƙarama, alhali kuwa a irinta ake gane amanar mutum. Saurayi ne ya ci bashi domin ya sayi babur na haya, ko ya kama shago. Ya yi alkawarin biya wata-wata, kuma yana cikawa. Ya ware kason wannan wata ya ajiye. Kwatsam cikin dare sai haƙori ya tashi, kunci ya kumbura, barci ya gagara. Likita ya duba ya faɗi kuɗin aiki, sai ga shi ya cinye abin da aka ware. To, kuɗin nan na wane ne? Na mai bin bashi ne, ko kuwa na jikinsa?

NAUYIN BASHI

Kada wani ya yi tsammanin Shari'a ta yi sako-sako da bashi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, da rubuta shi, da kafa masa shaidu. Bukhari ya ruwaito cewa an kawo gawar wani da ake bi bashi, Annabi (S.A.W.) bai sallace shi ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki biya a kansa. Muslim kuma ya ruwaito cewa ko shahidi ana gafarta masa komai ban da bashi. Jan ƙafar wanda yake da halin biya kuwa, hadisi ya kira shi zalunci.

Amma lura da wannan sharaɗi: wanda yake da halin biya. Aya ta 280 a surar nan ta yi umarnin a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami yalwa. Malaman fiƙihu kuma sun bayyana cewa bashi a wuyan mutum yake rataye, ba a kan takardun kuɗin da ke aljihunsa ba. Saboda haka kuɗin da ka ware mallakarka ne har ka miƙa su. Wannan ya saɓa wa kuɗin ajiya, ko cinikin maigidanka na shago. Waɗannan amana ne, ba ka da ikon taɓa ko kwabo sai da izini.

MIZANI UKU

Imam Shaɗibi, malamin Andalus da ya rasu a shekarar 790 ta Hijira, ya yi bayani a littafinsa Muwafaƙat cewa maslahar ɗan Adam hawa uku ce: larura, da buƙata, da ƙawa. Mu ɗora haƙorin nan a kan wannan mizani.

Na farko, larura. Idan ruɓa ta kai jijiyar haƙori, ƙwayoyin cuta sukan sauka saiwa su tara mugunya. Idan fuska ta kumbura, zazzaɓi ya rufe ka, baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, to zance ya wuce haƙori, ya koma na rai. Irin wannan kumburi yana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da wuya ya toshe hanyar numfashi. A nan babu jira. Ɗauki kuɗin ka nufi asibiti a ranar, domin tsare rai yana gaban tsare dukiya. Gawa ba ta biyan bashi.

Na biyu, buƙata. Haƙori ya yi kogo, yana zogi idan ka sha ruwan sanyi ko ka ci zaƙi, amma kana iya fita nema. Ka sani kogon haƙori ba ya cikewa da kansa kamar yadda rauni ke warkewa a fata. Abin da ciko zai gyara yau, bayan watanni sai an cire jijiya ko an tumɓuke haƙorin, kuma aikin jijiya ya fi ciko tsada nesa ba kusa ba. Jinkiri a nan ƙarin bashi ne. Sai dai tun da akwai sararin kwana biyu ko uku, wajibi ne ka fara ganin mai binka kafin ka taɓa kasonsa.

Na uku, ƙawa. Haƙorin Makka, da wanke haƙora don su yi fari, da makamantansu. Wanda ya yi wannan da kuɗin da ake jira a hannunsa, shi ne mai jan ƙafar da hadisi ya ambata, ko da ya kira abin magani.

YADDA AKE NEMAN JINKIRI

Yawancinmu a nan muke faɗuwa. Da zarar kuɗi sun tafi asibiti, sai a kashe waya, a sake hanya, a daina sallah a masallacin da mai bin bashi yake. Haba ɗan'uwa! Ciwo uzuri ne, amma ɓuya ha'inci ce. Je ka same shi tun ranar biya ba ta zo ba. Ka ce: “Alhaji, ga abin da ya same ni, ga takardar asibiti. Ga rabi yanzu, sauran kuma ranar kaza.” Ku rubuta sabuwar ranar. Kada ka yarda a ƙara ko sisi saboda jinkirin, domin ƙari a madadin lokaci shi ne ainihin ribar jahiliyya.

Wani zai ce: Malam, idan shi ma mai kuɗin yana cikin matsi fa? Wata tsohuwa ce ta ba ka jarinta, ko aboki ne da ke jiran kuɗin domin haya. Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ba ka da ikon ɗauke wahalarka ka aza wa wanda ya yi maka alheri. Sai ka fara da kanka. Sayar da babbar wayar nan ka riƙe ƙarama. Nemi a ba ka kwasar adashe da wuri. Ba da jingina ka karɓi rance marar ruwa, domin Annabi (S.A.W.) ya rasu sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Ka gaya wa likita gaskiyar aljihunka, ka tambayi hanya mafi sauƙi, da abin da za a iya yi yau da wanda zai jira. Asibitocin gwamnati, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, suna da sashen haƙori, kuma galibi sun fi masu zaman kansu rangwame. Watakila a ƙarshe ka haƙura a cire haƙorin da kuɗi za su iya cetowa. Rashi ne, babu shakka, amma giɓi a baki ya fi giɓi a amana. Idan duk hanya ta toshe, waɗanda bashi ya danne suna cikin kaso takwas na masu karɓar zakka, kamar yadda aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa. Karɓar haƙƙinka ba bara ba ne.

RAMUKA BIYU

Ramin farko, rancen waya. Cikin 'yan mintoci kuɗi sun shigo, da ruwa mai yawa da wa'adi gajere. Ka biya bashin halal da bashin riba ke nan. Wasu daga cikin masu wannan rance sun kai ga aika wa dangin mutum saƙon tozarci, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta Nijeriya ta kai wa wasunsu samame a 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobin wayar mutane a 2023.

Rami na biyu, kemis. Maganin kashe zogi yana rufe bakin ciwo, ruɓa kuwa tana ci gaba. Yawan shan Ibuprofen yana cin ciki da ƙoda, Tramadol kuma ya mayar da samari da yawa bayi. Kanumfari yakan lafar da zogi na ɗan lokaci, amma ba ya cike kogo. Masu cewa suna fitar da tsutsa daga haƙori kuwa, ku sani babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami mai zaizaye haƙori.

GA MASU BIN BASHI, DA MU DUKA

Kai kuma da kake bi, wanda ya zo maka da kumburarren kunci da gaskiya a bakinsa, sassauta masa. Yau gare shi, gobe gare ka. Ayar da ta ce a jinkirta ta nuna cewa yafewa ta fi.

Wanda bai kamu ba tukuna ya yi tanadi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan mutum biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki, kuma mafi yawansu ana iya kauce musu. Asuwaki sunna ce mai ƙarfi. Haɗa shi da buroshi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, safe da dare. Rage sukari a shayi, rage lemon kwalba. Kuma ranar da za ka yi alkawarin biyan bashi, kada ka yanka wa kanka kason da zai share aljihu ƙaf. Bar ɗan abin da zai tare lalura.

Allah Ya biya mana basussukanmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare mu daga riba da cin amana.