Alhakin Ƙwaya Ba Ya Tsayawa a Bakin Iyaka

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tsaron shagon magani a wata unguwa cikin Kano. Da hantsi dattijuwa za ta zo da takardar likita, ciwon ƙugu ya hana ta barci, in ba ta tiramol mai miligiram 50, ta tafi tana sa mini albarka. Da magariba kuma yaro mai tura baro zai leƙo, ba takarda, ya rage murya ya ce, "Alhaji, akwai mai ƙarfin?" Mai 225 yake nufi. Hukumar NAFDAC ba ta amince da abin da ya wuce miligiram 100 ba, don haka ba a shagona zai same ta ba. Amma kafin a kira isha ya samo ta a wani lungu.

Tambayar da ta daɗe tana cin raina ita ce: ranar da yaron nan ya faɗi yana farfaɗiya a bakin kasuwa, wa Allah zai tambaya?

A zauren malaminmu na fara jin amsar, tun ban san zan sayar da magani ba. Malaman Malikiyya sun hana mutum ya sayar da inabi ga wanda ya san giya zai matsa da shi, kamar yadda suka hana sayar wa ɗan fashi makami. Inabi halal ne, ciniki halal ne. Sanin da mai kaya ya yi shi ne ya ɓata cinikin. Hadisin da ya yi magana kan giya ma bai tsaya kan mashayi ba, ya haɗa da mai matsa ta, da mai ɗaukarta, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta.

To, a ɗora wannan ma'auni kan ƙasashe. Mafi yawan tiramol ɗin da ya cika Afirka ta Yamma daga Indiya yake fitowa, ya sauka a tashoshin ruwa irin su Legas da Kwatano da Lome. Sai a watan Afrilun 2018 Indiya ta sa shi ƙarƙashin dokarta ta miyagun ƙwayoyi. Da aka matsa, sai masu kaya suka sauya haɗi. A 2025 wani binciken BBC ya bankaɗo yadda ake haɗa tapentadol da carisoprodol ana turowa Najeriya da Gana, haɗin da ba a yarda da shi a matsayin magani ba, sannan gwamnatin Indiya ta hana. Wanda ya cika kwantena da irin wannan kaya ya san ba asibiti za ta ba. Shi ne mai inabin da malam ya karanta mana, ko da takardunsa sun cika.

Wannan wanke hannu tsoho ne. A 1839 wani jami'in Sin mai suna Lin Zexu ya lalata akwatunan ofiyom kusan 20,000 na 'yan kasuwar Turai, har ya rubuta wa Sarauniya Biktoriya wasiƙa yana tuhumar lamirin mutanen da ke neman riba da abin da ke kashe 'ya'yan wasu. Amsar da ya samu jiragen yaƙi ne, kuma a 1842 Sin ta rasa Hong Kong.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai in ce a haramta ƙwayar a duniya baki ɗaya, kowa ya huta. Na taɓa faɗin haka. Lokacin da Masar ta nemi a sa tiramol cikin jerin ƙwayoyin da dokar ƙasa da ƙasa ta ɗaure, kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙi ba da wannan shawara a 2018, na ji haushi ƙwarai. Gwaggona ce ta sauya mini tunani. Ciwon daji ya kama ta, ya kai ƙashi. Mun yi yawon neman mofin, maganin kashe raɗaɗi, har ƙafa ta gaji, ni da nake cikin harkar magani. Daren da ba zan manta ba, ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, ko kaɗan ne, a rage mini." Tiramol ne kaɗai a hannuna, shi ya ba ta barcin awa uku. Wani kwamitin mujallar Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya, matalautan cikinsu, ba sa samun ko kashi ɗaya cikin ɗari na irin waɗannan magungunan kashe raɗaɗi. Ita kanta yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1961, wadda ita ce uwar dokokin ƙwaya, ta yarda cewa dole a wadata marasa lafiya da su. Ƙasashe sun riƙe rabin hani da ƙarfi, sun saki rabin jinƙai. Hana mai ciwo magani don tsoron mashayi zalunci ne, kuma shari'ar da ta zo don kare hankali ita ce ta zo don kare rai.

Ba zan tsame kaina ba. Kafin a hana maganin tari mai kodin a 2018, na sayar wa samarin da na san ba tari suke yi ba. Na sani, na karɓi kuɗin. Ina neman gafarar Allah a kan haka har yau.

Shi ya sa ba na yarda a ɗora wa Indiya laifin duka. Kwantena ba ta sauke kanta. Akwai wanda ya yi oda, akwai wanda ya karɓi na goro ya kau da kai, akwai mai sito, kuma wasunsu tare muke tsayawa a sahun gaba ranar Juma'a. Malamanmu masu huɗuba, kun daɗe kuna yi wa yaro mai baro faɗa. Ku juya ku yi wa masu odar magana, ku kuma tambayi hukuma dalilin da ya sa mai ciwon daji ke kwana yana kuka babu mofin a asibiti.