Akuyarka da Maƙwabcinka

Karatu: Fitowa 21:28-29, 22:5, Romawa 13:1-10

Kafin ka ci gaba, buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta ayoyin nan da kanka. Yau maganarmu a kan akuya ce, kada kuwa ka zaci na sauka daga kan Maganar Allah.

Bari in fara da laifin kaina. Shekarun baya ina da awaki uku a gidan da muke haya a nan Ayigya Zango. Kyauta ce daga wani dattijon ikkilisiya da ya kawo mini daga arewa. Na yi musu yadda kowa yake yi a unguwa: da safe a buɗe musu ƙofa, da magariba su komo da kansu. Ban taɓa sayen dusa ba, ban taɓa yankan ciyawa ba, ga su kuwa sai ƙiba suke yi. Har nakan gode wa Allah saboda albarkarsa. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abincin wa suke ci ba.

Maƙwabciyarmu wata Hajiya ce mai sayar da koko da ƙosai a bakin hanya. Wata rana ta wanke gero ta shanya a kan tabarma a ƙofar gida, ta shiga ciki. Kafin ta fito awakina sun ci wanda suka ci, sun tattake sauran, sun ɓata tabarmar. Ta yi wa matata magana. Da labari ya zo mini sai na ce, “Ai dabba ce, ba ta da hankali, a ba ta haƙuri.” Aka yi na biyu, na sāke aika haƙuri. Da aka yi na uku ba ta ce kome ba. Shirun nan ya kamata ya tsorata ni, amma sai na ɗauka magana ta wuce.

Ran nan da yamma ina dawowa daga nazarin Littafi Mai Tsarki, littafin yana hammatata, sai mijinta, wani tsoho mai sanyin hali, ya kira ni daga kan bencinsa. Muka gaisa. Sai ya ce, “Fasto, in tambaye ka mana. Littafin nan da kake ɗauke da shi kullum, ba ya maganar haƙƙin maƙwabci ne?” Na ce, “Yana yi, Baba.” Ya ce, “To, madalla.” Bai ƙara kome ba. Ni kuwa na shiga gida ƙafafuna da nauyi.

A daren nan na sāke karanta Fitowa 22:5, ayar da na wuce ta sau da yawa a makarantar Littafi Mai Tsarki ba tare da ta taɓa ni ba. Abin da take koyarwa shi ne, wanda ya saki dabbarsa ta shiga ta yi ɓarna a gonar wani, wajibi ne ya biya, ya kuma biya daga cikin mafi kyaun abin da nasa filin ya bayar. Ka lura, Allah bai kama akuya da laifi ba. Mai akuya ya kama. Bai kuma ce a ba da haƙuri a wuce ba, cewa ya yi a biya. Haƙurin baki ba ya cika tukunyar koko. Matar nan da cinikin safiyar take ciyar da jikokinta, ni kuwa ina ƙiba da awakina da jarinta, sa'an nan ran Lahadi in hau bagade in yi wa'azin ƙaunar maƙwabci.

Washegari muka tafi kasuwa da matata, muka auno gero mai kyau wanda ya fi abin da aka ɓata. Hajiya ta ƙi karɓa, ta ce, “Haba Fasto, ai zaman tare ya fi gaban haka.” Na ce, “Hajiya, ki taimake ni ki karɓa, bashi ne a wuyana a gaban Allah.” Da ƙyar ta karɓa. Na sayar da akuya ɗaya, na sayi katako da kwano na yi wa sauran biyun ɗan garke a bayan ɗaki.

Yanzu ga abin da nake so ka yi tunani a kai. In Babbar Salla ta gabato, ka zaga Zangon nan, ka zaga Aboabo da Asawase, ka dubi raguna. Ka taɓa ganin ragon da aka saya da kuɗi mai yawa yana yawo shi kaɗai a bakin titi? Kowane yana ɗaure a turke, ga ruwa, ga harawa, har da mai kwana kusa da shi. Haka mu ma muke yi da akuyar Kirsimeti. Ashe mun iya ɗaure dabba. Muna ɗaurewa sa'ad da hasarar za ta zama tamu, muna saki sa'ad da hasarar za ta faɗa a kan wani. Wannan ba rashin igiya ba ne, son kai ne, son kai kuwa zunubi ne ko da a kan bawon rogo aka yi shi.

Hukuma ma tana da magana a nan. Tun shekara ta 2018 Ayigya tana ƙarƙashin Majalisar Oforikrom, wadda aka yanke daga Majalisar Birnin Kumasi. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta ba irin waɗannan majalisu ikon kafa dokokin gari, dokar laifuffuka ta ƙasar Gana ta 1960 kuma tun can ta yi maganar dabbar da aka sake a cikin gari. Taƙaicen abin kowa ya san shi. Dabbar da aka samu tana yawo ba mai lura da ita, ana iya kama ta a tsare. Mai ita zai biya tara da kuɗin ciyarwa kafin a ba shi, in kuwa bai zo ba har lokaci ya wuce, a yi gwanjonta. Masu wannan aiki su ne ma'aikatan duba-gari, waɗanda iyayenmu suke kira tankas, ko samansaman saboda sammacin da suke rubutawa.

Na san yadda muke ji da su. Ranar da aka kama akuyar mai bi, sai ka ji yana cewa maƙiya ne suka kai ƙararsa, har ya kawo maganar a taron addu'a wai ana tsananta masa. Ɗan'uwa, wannan ba tsanani ba ne. Manzo Bitrus ya bambanta shan wuya saboda Almasihu da shan wuya saboda laifin kanka, ka duba 1 Bitrus 2:20. Manzo Bulus kuma a Romawa 13 ya ce mu yi biyayya ga mahukunta, ba don tsoron hukunci kaɗai ba, amma saboda lamiri. Abin da ya fi ba ni mamaki a surar nan shi ne inda ta nufa. Ta fara da hukuma da haraji, ta kai ga aya ta 10 inda ta ce mai ƙauna ba ya cutar maƙwabcinsa. Wato dokar gari a kan dabbobi ba baƙon abu ba ne a gare mu. Shinge ne da aka kafa domin mutanen da ƙauna ba ta isa ta hana su ba. Abin kunya ne a ce sai da shingen nan za a tsare ɗan Allah. In an kama dabbarka, je ka biya abin da doka ta ce, ka karɓi rasit, kada ka nemi hanyar bayan gida, ka dawo ka gyara garkenka.

Wani zai ce, “Fasto, kai kana da bayan ɗaki. Mu gida ɗaya iyali goma, ina za mu sa garke? Akuyar nan kuwa ita ce bankinmu, ita ce kuɗin makarantar yara.” Wannan magana gaskiya ce, ba na raina ta. Ciyar da dabba a ɗaure aiki ne. Sai ka bi masu sayar da abinci ka roƙi bawon rogo da na doya, sai yara su yanko ciyawa, wani lokaci sai ka sayi dusa da kuɗin da ba ka da shi. Ni kaina na ɗanɗana. Amma ka tuna da Ibrahim da Lutu a Farawa 13. Sa'ad da wuri ya yi wa dabbobinsu kaɗan, makiyayansu suka fara faɗa, Ibrahim ya zaɓi ya bar wa Lutu wuri mai dausayi da dai zumunci ya lalace. In wurinka na akuya biyu ne, kada ka ajiye shida. In ba wuri sam, ka kai wa ɗan'uwa a ƙauye ya kiwata maka ku raba 'ya'ya, yadda iyayenmu suke yi. Biyu da kwanciyar rai sun fi shida da ƙarar maƙwabta.

Ita dabbar ma sakin ba alheri ba ne a gare ta. Tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbin awakin gari: leda ce cunkus. Wata tana shan ruwan kwata, wata mota ta buge ta a babban titin Akara wajen mahadar Tek, wani lokaci har mai babur ya faɗi ya karye saboda ita. Karin Magana 12:10 ta nuna mana cewa ana gane adali ta yadda yake kula da ran dabbarsa.

Sai maganar kare, wadda ta fi nauyi, gama a nan rai ne. A Zango yawanci mu Kirista ne muke ajiye karnuka. Fitowa 21:29 ta yi maganar sa wanda aka san yana tunkuyi, aka gargaɗi mai shi, bai tsare shi ba, har ya kashe mutum. Shari'ar ta ɗora jinin a kan mai san. Sa karenka a wurin san nan ka sāke karantawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, da yawansu kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamun ciwon suka riga suka bayyana, da wuya ƙwarai mutum ya tashi. Amma allurar rigakafi tana hana shi. Kai karenka da kyanwarka wurin likitan dabbobi a yi musu allura, ka ajiye takardar. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da yaƙi da ciwon nan, ka riƙe ta ta zama maka abin tuni. In kuwa kare ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti a ranar. Za mu yi addu'a, lalle, amma a kan hanyar asibiti za mu yi ta. Kada a tsaya shafa mai ko ɗaura gashin kare a kan ciwo.

Ka kuma tuna cewa maƙwabtanmu Musulmi suna ƙyamar yawun kare saboda tsarkin salla. Karenka da yake shiga zaurensu yana lasar buta, wa'azi yake yi a kanka, ba kuwa mai daɗi ba. Haka nan kiwon alade a tsakiyar Zango. Bangaskiyarmu ba ta haramta mana ba, amma Bulus ya koya mana a 1 Korantiyawa 10:23-24 cewa ba duk abin da ya halatta ne yake ginawa ba. Mai son wannan kiwo ya nemi fili a bayan gari.

In kuma kai ne aka yi wa ɓarna fa? Na taɓa ganin akuya tana jan ƙafa domin wani ya jefe ta da dutse a kan ɗan lambunsa. Akwai masu zuba guba. Dokar ƙasa ta hana zaluntar dabba, Maganar Allah kuwa ta wuce nan. Fitowa 23:4 ta ce ko dabbar maƙiyinka ce ka gani ta ɓace, ka mayar masa. Kama ta, ka ɗaure, ka ba ta ruwa, ka aika a kira mai ita. In ya ƙi ji, ga mai unguwa, ga sarkin Zango, ga hukuma.

Namun daji kuma, a taƙaice. Kowace shekara daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba hukumar kula da namun daji takan rufe farauta, domin lokacin ne yawancinsu suke ɗauke da ciki ko suke shayarwa. Tun a Maimaitawar Shari'a 22:6-7 Allah ya hana a kama uwar tsuntsu tare da 'ya'yanta. Saboda haka ke 'yar'uwa mai zuwa kasuwar Atwemonom sayen naman miya, ki san watan da kike ciki. Ɗan biri ko aku da yaro ya kawo gida kuma ba abin wasa ba ne, akwai doka a kan ajiye su.

Tsohon nan da ya yi mini tambaya ya rasu. Bai zama Kirista ba, ba zan ƙara wa labarin gishiri ba. Amma bayan maganar geron, in gardama ta tashi a lungunmu a kan dabba, yakan ce a kira Fasto. Hajiya kuma har yau ita take tara mini bawon wake saboda awakin.

Addu'a: Ya Uba, ka tuna mini da duk wanda dabbata ta yi wa ɓarna ban biya ba, ka ba ni ƙarfin hali in je ƙofarsa a makon nan. Ka tsare yaran unguwarmu daga cizo da haɗari, ka ba ma'aikatan duba-gari gaskiya a cikin aikinsu. Cikin sunan Yesu, Amin.