Garin Da Kowa Ya Ke Gudu

A karanta Yohanna 1:43-51, da Irmiya 29:1-14.

Kowace ƙasa tana da garuruwan da ba a so. In an yi wa ma'aikaci canji zuwa can, sai matarsa ta kwana tana kuka. In saurayi ya ce daga can ya fito, sai iyayen yarinya su dubi juna, su yi shiru. A wannan wata ina so mu tafi wata ƙasa mai nisa mu dubi irin waɗannan garuruwa, gama sau da yawa mutum ya kan fi gane abin da ke gidansa in ya gan shi a gidan wani.

A ƙasar Amurka akwai wata jiha da a ke kira Mishigan. Ita ce uwar ƙera motoci a ƙasar. Amma sa'an da masu jarida na can su ka zauna lissafin garuruwan da ba su da daɗin zama a jihar, sunayen da su kan fito su ne Flint, da Detroit, da Saginaw, da Highland Park, da Benton Harbor. Su kan ƙidaya kisankai, da fashi, da talauci, da rashin aiki, su jera sunayen, sa'an nan su ce wa mutane su yi nesa. Bari mu ɗauki Flint mu duba.

Yadda gari ya ke lalacewa

Flint ba a cikin wahala ya fara ba. A nan ne aka kafa kamfanin motoci na General Motors a shekara ta 1908. Mutane su ka yi ta zuwa daga ko'ina neman aiki, baƙaƙe da farare. A ƙidayar 1960 mutanen garin sun kai kusan 197,000. A wajen 1978 kamfanin nan kaɗai yana da ma'aikata kimanin 80,000 a garin da kewayensa. Mutumin da bai yi karatu mai zurfi ba ya kan sami aiki, ya sayi gida, ya sa 'ya'yansa a makaranta.

Sa'an nan kamfani ya fara rufe ma'aikatunsa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ke da hali ya kwashe kayansa ya tafi. Wanda ba shi da hali ya zauna. A ƙidayar 2020 mutanen da su ka rage ba su wuce 81,000 da 'yan kai ba. Ku lura da yadda abin ya ke bin juna. Da aiki ya tafi, mutane su ka tafi. Da mutane su ka tafi, haraji ya ragu. Da haraji ya ragu, hukumar gari ta sallami 'yan sanda da masu kashe gobara da yawa. Dubban gidaje su ka zama kango, ciyawa ta rufe filaye, masu sayar da kayan maye su ka sami maɓuya, waɗansu kuma su ka yi ta cinna wa kangayen wuta. Daga 2010 zuwa 2012, bisa ga lissafin hukuma, Flint yana kan gaba wajen laifofin zub da jini cikin garuruwan Amurka masu mutum fiye da 100,000. A 2012 kaɗai an kashe mutum fiye da 60.

Highland Park kuwa, inda Henry Ford ya fito da sabuwar hanyar harhaɗa mota da sauri a 1913, talauci ya kai shi har ya kasa biyan kuɗin lantarki. A 2011 aka zo aka tumɓuke fitilun titi fiye da 1,000, aka bar unguwanni cikin duhu. Hausawa sun ce, sai bango ya tsage ƙadangare ya ke samun wurin shiga. Ɓarawo ya fi kowa murna ranar da aka cire fitila.

Kada wani ya ce ina wanke mai laifi. Wanda ya yi kisa ya yi zunubi, zai kuwa amsa a gaban Allah, ko a garin arziki ya ke ko a garin tsiya. Talauci ba ya mai da sata halal. Amma akwai wani zunubi kuma da ba a kan ƙidaya a ofishin 'yan sanda, shi ne zunubin masu iko da su ka raina talakawa.

Ga misalinsa. A watan Afrilu na 2014, domin a rage kashe kuɗi, masu riƙon Flint da gwamnatin jiha ta naɗa su ka bar ruwan da a ke saye daga Detroit, su ka koma ɗiban ruwan kogin Flint. Ba su sa maganin da ya ke hana ruwa cin bututu ba. Ruwan ya ci tsofaffin bututu, dalma ta narke ta shiga abin shan mutane. Mu ma mun san abin da dalma ta ke yi, gama a 2010 ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara. Tana ɓata ƙwaƙwalwar yaro, ɓarnar kuwa ba ta gyaruwa. Mata su ka kawo kwalabe cike da jan ruwa mai wari su ka nuna wa hukuma, aka ce musu lafiya lau ne. A watan Oktoba na shekarar nan kamfanin motoci ya daina amfani da ruwan, domin yana sa ƙarafan injuna tsatsa. Ku ji fa! An tsare ƙarfe daga ruwan, aka bar jarirai suna sha har shekara guda bayan haka. Wata cuta ta huhu kuma ta ɓarke a lokacin, ta kashe aƙalla mutum 12. A sa'an nan kimanin mutum 4 cikin 10 na garin matalauta ne, fiye da rabi kuma baƙar fata ne. Da garin attajirai ne, kuna tsammani za a yi watanni 18 ana toshe kunne?

Hukuncin mutane da hukuncin Allah

Mutum ya kan ji labarin irin wannan gari ya ce a ransa, lalle mutanen can miyagu ne, shi ya sa. Haka mutanen zamanin Yesu su ka yi tunani. A cikin Luka sura 13 ya tuna musu da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya nuna musu sarai cewa waɗannan ba su fi sauran mazaunan Urushalima laifi ba, ya kuma juya maganar a kan masu jinsa, su tuba.

Shi kansa Ubangijinmu a garin da ba a so ya girma. Nazarat ƙaramin ƙauye ne a Galili, ko sau ɗaya ba a ambaci sunansa a Tsohon Alkawari ba. Da Filibus ya gaya wa Nata'ala daga inda Almasihu ya fito, Nata'ala ya yi shakkar ko wani alheri zai iya fitowa daga wurin nan. Filibus bai tsaya gardama ba, ya gayyace shi ya je ya gani da idonsa. Allah yana da dukan biranen duniya a hannunsa, amma ya zaɓi Ɗansa ya yi kusan shekara 30 a wurin da a ke yi wa ba'a. Har a kan gicciye sunan garin nan aka rubuta a bisa kansa. Wanda ya raina mutum saboda garinsa, sai ya yi hankali, gama da wannan ma'auni aka raina Mai Cetonsa.

Waɗanda su ka zauna

Yanzu mu bi shawarar Filibus, mu je mu gani. Akwai wata likitar yara a Flint, sunanta Mona Hanna-Attisha, iyayenta mutanen Iraƙi ne. Ta bincika jinin yara, ta ga yawan masu dalma a jiki ya kusa ninkawa. A watan Satumba na 2015 ta fito fili ta faɗa. Manyan jiha su ka ƙaryata ta, amma ba ta janye ba. Bayan 'yan kwanaki su ka yarda gaskiya ta faɗa, a watan Oktoba kuma aka koma ruwan Detroit.

Ekklesiyoyin garin su ka mai da harabarsu wurin raba ruwan kwalba, ba su tambayi addinin mai ƙishi ba. Wata ƙungiyar fastoci ta haɗa kai da waɗansu mazauna gari su ka kai ƙara kotu a 2016. A 2017 aka yi yarjejeniya jiha ta ba da kuɗi a haƙe bututun dalma, an kuwa sake fiye da 10,000.

Ga kuma abin da ya fi ba ni mamaki. Tun wajen 2004 akwai wani shiri a Flint, inda ƙungiyoyin unguwa, da ekklesiyoyi, da samari su kan ɗauki filayen da aka yashe, su yanke ciyawa, su kwashe shara, waɗansu har su shuka lambu. Malaman Jami'ar Mishigan su ka bi lissafin 'yan sanda na shekara biyar, a 2018 su ka bayyana cewa titunan da ke kusa da filayen da a ke gyarawa, duka da laifofin zub da jini sun yi ƙasa da na sauran da kusan kashi 40 cikin 100. Ba bindiga aka ƙara ba. Ciyawa aka yanke. Dalilin a fili ya ke. Inda mutane su ke fitowa aiki tare, sun san juna, idanu sun yi yawa a titi, mugu kuwa ya kan gane wurin nan yana da masu shi.

Ashe wannan ba sabon abu ba ne. Sa'an da aka kwashe Yahudawa zuwa Babila, ba garin da su ka ƙi kamarsa. Annabawan ƙarya su ka yi ta ce musu su ɗaure kaya, an kusa komawa. Amma Irmiya ya aika musu da wasiƙa daga wurin Ubangiji, su gina gidaje, su dasa itatuwa, su yi aure, su nemi lafiyar birnin, su yi masa addu'a, domin tasu lafiya tana ɗaure da tasa. A zamanin Nehemiya kuma, da aka tashi gyaran garun Urushalima, mutane da yawa sun gyara daidai ƙofar gidansu ne, aka kuwa gama cikin kwana 52.

Kai fa, mai karatu?

Wataƙila kana zaune a irin wannan wuri. Mutanen Kakuri a Kaduna sun san abin da ya kan bi bayan rufe masaƙu. Wataƙila kullum addu'arka ita ce Allah ya fid da kai. Ba laifi ba ne mutum ya nemi inda iyalinsa za su kwana lafiya, wanda kuma ransa ke cikin hatsari, ba wanda zai zarge shi in ya tashi. Amma muddin kana nan, kada ka zauna kamar baƙo mai jiran mota. Ka san sunan maƙwabcinka, ko Kirista ne ko Musulmi. Ku share kangon da ke bayan ɗakin sujada. Ku haɗa kuɗi ku sa fitila a lungun da mata su ke tsoron bi. Yaron nan da kowa ya ke kira ɓarawo, wa ya taɓa kiransa ya koya masa sana'a? In kuwa ruwa ya ɓaci, ko magani ya ƙare a asibiti, dattawan ekklesiya su je wurin hukuma da ladabi, su faɗi gaskiya, su koma kuma har a ji.

Kai kuma da ka ke zaune a unguwar jin daɗi, ka tsare bakinka. Kada ka hana ɗan unguwar can aiki saboda sunan unguwarsu. Mai bishara kuma, in an aike ka garin da ba a so, kada ka ɗauka horo ne. Ubangijinka ya riga ka zuwa.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai da ba ka raina Nazarat ba, ka gafarta mana rainin da mu ka yi wa garuruwan 'yan'uwanmu. Ka ta'azantar da waɗanda aka kashe musu nasu. Ka juyo da masu aikata mugunta, ka ba masu mulki tsoronka. Ka sa mu zama masu neman lafiyar inda ka ajiye mu. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.