Ba da Saninmu Ba

An sallame sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, amma tuni ake jin bugun kik a ƙofofin gidaje. Wani zai kai buhun dawa kasuwa, wani zai ɗauki mai naƙuda zuwa asibiti a Anka, wani kuma ɗan kabu-kabu ne da ke son ya riga abokansa isa tasha. A wannan yanki namu, daga Sunke zuwa Bagega, daga Nasarawar Burkullu zuwa Daki Takwas har Gummi, babur shi ne jaki, shi ne amalanke, shi ne motar ɗaukar marar lafiya. Kafin ka murɗa totur, ɗan'uwa, ɗan dakata a kan tabarmar nan, mu yi tunani a kan wata tururuwa.

A cikin Suratun Namli an ba mu labarin Annabi Sulaimanu, alaihis salam, yana tafe da rundunarsa ta mutane da aljannu da tsuntsaye, har suka iso wani kwari na tururuwa. Ɗaya daga cikinsu ta yi wa 'yan'uwanta gargaɗi su shige ramukansu kada a tattake su. Abin da ke tsaya mini a rai duk sanda na zo wurin nan shi ne uzurin da ta ba rundunar: ta nuna cewa in ma an taka su, to ba da sani za a yi ba. Ba ta tuhumi kowa da mugunta ba. Ta dai san halin duniya, cewa babba yakan murƙushe ƙarami yana tafiyarsa, zuciyarsa fes, hankalinsa na can wani wuri. Annabi Sulaimanu ya ji ta, ya yi murmushi, ya roƙi Ubangijinsa ya kimsa masa godiya da aiki nagari. Shi an ba shi jin maganar abin da ke ƙarƙashin kofaton doki. Mu abin da aka ba mu shi ne fitila ɗaya da birki biyu.

Wata safiya ta hunturu, shekarun baya, na goya wani dattijo abokin mahaifina, tsohon mafarauci. Hazo ya rufe gari, sanyi na yankan kunne, ni kuwa ina ta zuba wuta don mu isa da wuri. Sai na ji ya taɓa kafaɗata. "Ɗana, rage wuta. Hanyag ga ba taka ta ba kai ɗai." Na rage don kunya, raina bai so ba. Ba mu yi nisa ba sai ga wasu ɗigo biyu suna ƙyalli a gefen burji, kamar an ajiye garwashi a ciyawa. Gada ce. Haske ya kashe mata ido, ta sandare, sa'annan maimakon ta koma daji sai ta yi tsalle ta faɗo tsakiyar hanya. Na tsaya saura taku kaɗan tsakaninmu. Dattijon bai ce mini komai a kai ba, sai da muka sauka ya ce daga assalatu zuwa hudowar rana, da kuma daga faɗuwar rana zuwa lisha, lokacin namun dawa ne na zuwa ruwa da komawa makwanci. Duk inda hanya ta kusanci gulbi ko fadama ko wani tafki da bai ƙafe ba, a sa rai da su, balle da rani in an cinna wa daji wuta.

Gaskiya namun dawa sun yi ƙaranci. Gwanki da barewa yanzu an fi jin su a bakin tsofaffi. Abin da mai babur zai gamu da shi yau shi ne zomo, dila, biri, garken zabin daji, da yautai mai kwanciya a tsakiyar hanya da dare har sai taya ta kusa taka shi. Waɗanda suka fi kayar da mutane kuwa na gida ne: akuyar da ta kwanta a kan kwalta don ɗumin da ta riƙe tun rana, karen da ke fitowa daga bayan danga, shanu a inda burtali ya ratsa titi. Jaki ya fi su duka haɗari a duhu, domin launinsa launin hanya ne, kuma ba ya motsi don an danna masa oda.

Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya hori matafiya in za su yada zango da dare su kauce wa kan hanya, domin a wannan lokaci dabbobi ne ke bin ta, ƙwari kuma a nan suke fakewa. Ka duba yadda aka raba mana. Ba a ce a kore su ba, mu aka ce mu matsa. Hausawa ma sun faɗa, zomo ba bawan giwa ba ne, daji suka tara. Turbar da gada ke bi zuwa ruwa ta girmi kwaltar da aka shimfiɗa a kanta, kuma babu wanda ya je ya sanar da ita cewa an yi titi.

Lissafin kuwa ba shi da wuya. Babur da ke gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, kuma kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, hannu ya kai ga birki, daƙiƙa guda ta tafi, in da gajiya ko barci ma ta fi haka. In ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke bukata ninkuwa take sau huɗu. Ƙara buhu biyu da goyon mutum a kai, ka sa tayar da ta suɗe, ka sa fitilar da ƙura ta dushe. Mai gudun da ya wuce iyakar haskensa yana tafiya ne a cikin abin da bai gani ba, ko da idonsa biyu a buɗe.

In dabba ta ɓullo, abin da jiki ke so shi ne ya fizge kan babur gefe ya damƙe birkin gaba. A kan yashi ko tsakuwar burji, wannan shi ne faɗuwa. Tsofaffin 'yan kabu-kabu sun san a miƙe ake tsayawa: a saki totur, a taka na baya, a matsa na gaba sannu a hankali. Sun san in akuya ta tsallaka, ɗanta na biye, don haka ba a murna da wucewar ta farko. Sun san ta bayan dabba ake bi, inda ta baro, domin gaba take nufa. Kare kuwa a rage masa gudu har ya kusa, sa'annan a ja a bar shi. Akwai kuma abin da na daɗe ina juyawa a raina: in ka kafa wa dabbar ido, kanta za ka nufa, domin babur inda ido ya tsaya yake bi. Sararin da ke gefenta ake kallo. In kuwa zomo ne ko kaza, kuma babu halin tsayawa, riƙe kan babur a miƙe ya fi a watsar da mace da jaririnta a kwalbati. Ran ɗan Adam yana gaba, addini bai ɓoye wannan ba. Hular kwano ma, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilastawa a farkon 2009 muka mai da abin wasa, ranar faɗuwa ake sanin kuɗinta.

Na san abin da za ka ce, domin ni ma a nan nake. Wa zai rage gudu a dajin Sunke? Wanda ya bi hanyar Anka zuwa Bagega a shekarun nan ya san abin da ke sa mutum ya manne wa totur, wani ma har ya kashe fitila. Ba zan ga laifin mai tsoro ba. Sai dai tsoro yana ƙuntata ido. Kana leƙen duhuwar da ke can nesa ko za ka hango mutum da bindiga, ba ka ga jakin da ke gabanka ba. Wanda kuwa ya faɗi a tsakiyar daji da karyayyar ƙafa, ya yi tsayuwar da yake gudu, kuma ya yi ta mai tsawo. In tafiyar za ta iya jira gari ya waye, a bar ta ta jira, a fita tare da jama'a. In ba za ta iya ba, to Allah ya san uzurin bawansa, a yi gudun da fitila za ta iya ɗauka.

Mu mutanen wannan ƙasa mun ɗanɗani ɗacin cutar da ake yi ba da sani ba fiye da kowa. A 2010 aka gano gubar dalma a Sunke da Dareta da Abare da Tungar Daji da Duza, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, daga baya aikin kawar da gubar ya kai Bagega. Yara fiye da 400 suka rasu. Iyaye ne masu neman halak suka kawo duwatsun zinariya gida, aka niƙa a cikin gari, aka shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Babu uban da ya yi nufin ɗansa da sharri. Ƙurar ce ba a san abin da ke cikinta ba, sai da likitocin ƙungiyar MSF suka zo aka auna jini, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Allah ya jiƙan waɗannan yara, ya ba iyayensu haƙuri. Amma tun daga ranar da aka faɗa mana, hukuncin wanda ya sake niƙa dutse a tsakar gida ya sauya. Uzurin da tururuwa ta bayar na wanda bai sani ba ne, kai kuwa da safen nan ka ji lokacin da gada ke zuwa ruwa.

Ya Allah, ka yafe mana abin da muka taka ba mu sani ba, mai rai ne ko haƙƙin wani. Ka buɗe idanunmu ga ƙananan bayinka da ke kan hanyarmu, masu ƙafa huɗu da masu ƙafa biyu. Ka tsare wanda ya goya da wanda aka goya, ka kare mu daga sharrin da ke ɓoye a daji, ka dawo da zaman lafiya Anka da Gummi da Bukkuyum, ka mai da kowa gidansa kafin magariba.

Gabas ta fara ja, yanzu ana iya bambance akuya da kututture. Sa gefen rigarka ka goge gilashin fitilar nan, taka birkin baya ka ji ko ya kama, tambayi na bayanka ko ya zauna daidai, sa'annan ka ce bismillah.