Kyauta Da Sirrin Wasu A Cikinta

Shin idan muka kai wa wata makaranta a Gummi tsohuwar kwamfutarmu, me muka bayar? Mu marubuta mun san abin da ke ciki: rubutun da abokai suka ba mu amana, wasiƙu, hotunan iyali. Na'urar tamu ce, amma sirrin ba namu kaɗai ba ne, kuma ba a kyauta da kayan ajiya.

Wani zai ce ai ya goge. Ina! Gogewar yau da kullum suna kawai take cirewa daga jeri. Rubutun na nan kwance a faifai, gwani zai iya tono shi. Ba mu haɗa girman musiba ba, amma mutanen Anka da Bukkuyum sun san abin da ke ɓuya bayan shara. Da gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a 2010, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa.

Haka faifan yake bukata: a danne tsohon rubutu kaf, sannan a ɗora sabuwar manhaja. Kada a mayar da Windows 7, Microsoft ta daina kula da ita tun 2020. Gara Linux marar nauyi. Aikin na iya cin yini guda, kuma yaran da za su zauna gabanta ba za su taɓa sanin an yi shi ba.