Mai Ƙin Abinci: Faɗa Ya Kamace Ta Ko Jinya?

A garuruwanmu irin su Bilbis da Tsafe, inda magidanci ke fafutukar kwanon masara, in aka ce ga yarinyar da ke ƙin abinci da gangan, abin da za a fara cewa shi ne: "Ƙoshi ne ya yi mata yawa." To, shin laifi take yi ko jarrabawa ce ta same ta?

Likitoci sun daɗe da sanin wannan ciwo. Tun 1873 wani likitan Ingila, William Gull, ya raɗa wa nau'insa ɗaya suna anoreksiya: mace ta riƙa ganin kanta da ƙiba alhali ta zama ƙashi da rai, har al'adarta ta ɗauke. Yana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa mafiya kisa. Akwai bulimiya, inda za ta ci ba ƙaƙƙautawa, sannan ta ɓuya ta janyo amai. Gimbiya Diana ta faɗa wa BBC a 1995 cewa ta yi shekaru tana fama da ita. A nan gida kuma mun san mai cikin da ba ta iya barin cin ƙasa, wanda sau da yawa alamar ƙarancin jini ce.

Shari'a tana kama mutum ne da abin da yake da iko a kansa. Shi ya sa aka ɗauke wa majinyaci azumi har ya warke. Wadda tsoron ƙiba ya danne zuciyarta har loma ta gagare ta, ikonta ya raunana, faɗa da bulala ba za su dawo da shi ba. Sai dai jiki amana ne, kuma Annabi (SAW) ya hana Abdullahi ɗan Amru azumin kullum domin jikinsa na da haƙƙi a kansa. Saboda haka neman magani ya hau kanta, kai ta asibiti kuma ya hau kanmu.

Mu duba harsunanmu. Wa ke ce wa budurwa "wa zai kwashi wannan sanda?" har ta koma shan sha-ka-fashe kafin biki? Wa ke yi wa mai jego gorin tumbi a gaban kishiya? Uwa ce, ko gwaggo, ko uwar miji. Magana zarar bunu ce, kuma za a tambaye mu.

Uwa, ki lura. In 'yarki na ɓoye tuwonta, ko tana shiga bayi da zarar ta gama ci, ko ta mai da azumin nafila mafakar ƙin abinci, ki zaunar da ita a ɗaka ki saurare ta. Kada ki tona mata asiri a tsakar gida. Ku yi addu'a, ku kuma je Babban Asibitin Tsafe ko na Yariman Bakura a Gusau, in ta kama a tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Zuwa can ba hauka ba ne, kuma ana warkewa, musamman in an tari abin da wuri.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare harsunanmu. Amin.