Ziyarar Kufai: Ibada ko Shagala?

Malamai sun daɗe suna bambanta tafiyar da ake yi domin i'itibari, wadda Alƙur'ani ya kwaɗaitar da bayi a kanta, da wadda ba ta wuce nishaɗi ba. To, idan jama'a suka yi ayari daga Ƙanƙara, suka tsaya a Pauwa, wadda har yau hakimin Ƙanƙara yake ɗauke da sunanta a sarautarsa, suka gangara Birnin Kogo a ƙasar Faskari, sa'an nan suka ci tuwon masara a Sabuwa, wanne suka yi? A ganina cin tuwon ma ba shagala ba ne, muddin sun tambayi wanda ya noma masarar, da irin haɗarin da ya ratsa a dajin yankin kafin ya girbe ta.